Me Ya Sa Citta Ta Gagari Talaka? Darasi Daga Kafanchan Da Kudancin Kaduna

Duk mai sana'ar kayan yaji a Sabo ko Bodija a Ibadan, ko Mile 12 da Agege a Legas, ko kasuwannin Anacha da Fatakwal, ba zai manta da ƙarshen shekarar 2023 ba. Lokacin ne citta ta fara yi mana wuyar gani. Mai shayi ya zo sayen ta ɗari biyu ka rasa yadda za ka ƙulla masa. Mai tsire ya rage ta a yaji. Masu zoɓo da kunun zaƙi suka koma ƙara kanumfari da masoro. Wata Bayarabiya da ta daɗe tana saye a wurina ta taɓa ce min, cikin raha amma da zafi a ciki: "Malam, ku dai kun ɓoye kaya ne don ku tsuga mana kuɗi." Na ce mata, "Mama, wallahi da ɓoyewa muka yi da sauƙi. A cikin ƙasa ta ruɓe."

Ni haifaffen Kafanchan ne. Mahaifina fataucin citta ya yi, ni ma shi na gada, kuma na haura shekara ashirin ina zaune a Ibadan ina karɓar kaya daga gida. Na rubuta wannan bayani ne saboda na lura da yawa daga cikinmu mun ɗauki tsadar citta a matsayin ƙaddarar shekara guda, wadda za ta zo ta wuce. Ƙaddara ce, babu musu. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma in ba mu gane yadda abin ya faru ba, zai sake faruwa, ko a citta ko a wani abin da muke ci da shi.

Murhu da duwatsunsa uku

Akwai kalmar da muke yawan ji a rediyo, "ci gaba mai ɗorewa". Ta yi fice ne tun 1987, lokacin da wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland, firaministar Norway, ya fitar da rahotonsa. Ma'anar a taƙaice ita ce mu biya buƙatarmu ta yau ba tare da mun cinye rabon 'ya'yanmu ba. A 2015 kuma ƙasashen duniya suka amince da muradu 17 da ake son cimmawa kafin 2030.

Ni dai yadda na fahimci abin, kamar murhu ne. Dutse na farko tattalin arziki, wato kuɗin da ke shiga aljihu. Na biyu zamantakewa, wato yadda jama'a ke zaune da juna. Na uku muhalli: ƙasa, ruwa da itatuwa. Sannan dole a samu mai kula da wutar, wanda zai iza ta ya kuma rage ta, su ne hukumomi da ƙungiyoyi. Kowace uwar gida ta san tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Labarin citta a Kudancin Kaduna labarin murhu ne da aka yi ta gyara dutse ɗaya aka manta da sauran.

Dutsen farko: yadda citta ta zama arzikin yanki guda

Tun ƙarshen shekarun 1920 aka fara noman citta don sayarwa a yankin da a da ake kira Kudancin Zariya. Ƙasar ta karɓe ta, saboda yankin yana gindin tsaunukan Filato, ruwan sama ya fi na Zariya da Kano yawa, kuma damina ta fi tsawo. Ƙananan hukumomin Kachia, Jaba, Kagarko, Jama'a da Zangon Kataf su ne cibiya. Da wannan ɗan yanki Najeriya ta shiga sahun manyan ƙasashen da suka fi noman citta a duniya, inda Indiya ke kan gaba. Masu saye daga waje suna son tamu saboda yajinta da yawan man da ke cikinta.

Ana shuka ta da faɗuwar ruwan farko, wajen Afrilu zuwa Mayu, a rufe gonar da ciyawa ko ganye, a yi ta cirar ciyawa da hannu, a tone daga Oktoba zuwa Disamba. Sai a tsaga ta a shanya. Wannan aikin tsagawa da shanya galibi mata da matasa ne ke yinsa, kuma da shi gidaje da yawa ke samun na cefane. Ranar kasuwa a Kwoi, Kachia ko Kubacha, za ka ga manomi Ham ko Bajju ko Koro, dillali Bahaushe, mai saye Ibo, direban tirela Bayarabe, duk a kan buhu ɗaya suke ci. Da kuɗin citta aka yi rufin kwano, aka sayi babura, aka biya kuɗin makarantar yaran da yau suka zama likitoci da lauyoyi.

To, matsalar ita ce gidaje da yawa sun mayar da citta asusunsu gaba ɗaya. Manomi ba ya ajiya a banki, buhunan da ke ɗaki su ne bankinsa. Mafi tsada kuma a harkar shi ne irin kansa. Citta ba ta da ƙwaya irin ta masara ko dawa. Jikinta ake gutsurawa a binne. Wanda ya rasa amfanin bana, ya rasa irin baɗi ke nan.

Dutse na uku ya fara tsagewa

Na tsallake na biyu da gangan, zan dawo kansa, domin ta wajen ƙasa ɓarakar ta fara bayyana.

A tsakiyar daminar 2023, wani dattijo a wajen Kwoi, wanda tun zamanin mahaifina muke hulɗa da gidansu, ya kira ni da sassafe. Na ba shi kuɗin iri da taki a farkon damina kamar yadda muka saba, a kan zai biya ni da kaya. Bayan mun gaisa ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan Alhaji, gonar ta mutu." Na ce, "Baba, wace daga ciki?" Ya ce, "Duka. Ganye ya yi rawaya kamar an watsa masa ruwan zafi. In ka ja, sai ya biyo hannunka, ƙasan kuwa ruwa ne da wari." Cikin 'yan makonni labarin ya zama ɗaya daga Kachia har Kagarko, ya tsallaka sassan Nasarawa, Filato da Abuja. Gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar da fiye da naira biliyan 12.

Masana sun ce cuta ce dangin fumfuna, mai son danshi da ruwa mai kwanciya. Amma me ya sa ta cinye yanki guda lokaci ɗaya? Ga dalilan da na fahimta.

Na farko, kusan iri biyu kawai ake nomawa a duk yankin: Tafin Giwa da Yatsun Biri. Tun da jikin citta ake dasawa, kowace shuka kwafin uwarta ce, babu bambanci. Cutar da ta iya kayar da ɗaya, ta iya kayar da dukkansu. Haka ya faru a ƙasar Ailan, maƙwabciyar Ingila, daga 1845, lokacin da talakawa suka dogara da kusan irin dankali guda. Cuta ta shiga, yunwa ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya.

Na biyu, cutar tana tafiya a cikin irin. Manomi ya ajiye daga gonarsa, ko ya saya a kasuwa daga hannun wanda bai sani ba, babu mai dubawa balle a ba da shaidar lafiyarsa. Buhu guda mai cuta ya isa ya kai ta ƙauye na gaba.

Na uku, hutun gona ya ragu. A da, in an noma citta a wuri, sai a juya zuwa wani amfanin ko a bar ƙasar ta huta shekaru kafin a dawo. Da mutane suka ƙaru, filaye suka ƙaranta, farashi ya yi kyau, gonakin nesa kuma suka zama abin tsoro saboda rashin tsaro, sai aka yi ta maimaita ta a wuri ɗaya. Ƙwayar cutar kuwa tana iya zama a cikin ƙasa tana jira.

Akwai kuma batun itatuwa. Duk mai bin hanyar Kafanchan zuwa Kwoi, ko Kachia zuwa Kaduna, ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Kirya, marke, har kaɗanya da ɗorawa da kakanninmu ba sa sarewa, yanzu suna shiga rami. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gas da kananzir suka ƙara tsada, buƙatar gawayi ta ƙaru a birane. Mu faɗi gaskiya, wani ɓangare na gawayin nan garuruwan da muke zaune yake zuwa, wasunmu ma su ke dillancinsa. Ba na zargin matashin da ya rasa citta ya ɗauki gatari, yunwa ba ta da haƙuri. Amma citta tana son ƙasa mai taushi da ganye ya ruɓa a cikinta, tana son ciyawar rufi. In daji ya tafi, ruwa ya wanke saman ƙasa, abin da ya rage tsakuwa ce.

Dutse na biyu: taki, burtali da kasuwa

Abin da yaranmu da aka haifa a kudu ba su sani ba shi ne, akwai lokacin da manomin citta ke zuwa da kansa ya roƙi Bafulatani ya kwana da shanunsa a gonarsa da rani. Shanu su ci karan dawa da harawa, su bar taki. Manomi ya ba da hatsi ko ɗan abin hasafi. Gonar da shanu suka kwana a kai ita ce ke fitar da citta mai manyan yatsu. Babu takarda, babu lauya, amana ce kawai. Gwamnatin Arewa ma ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, kuma Ladduga da ke Kachia na cikin wuraren da aka keɓe.

Da amana ta lalace, wannan ciniki ya mutu a wurare da yawa. Manomi ya koma sayen takin zamani da tsada, wanda ke ciyar da shuka amma ba ya gina ƙasa. Makiyayi ya rasa abincin rani, burtali ya toshe, rigima ta ƙaru. Kun ga yadda tsagewar dutse ɗaya ke taɓa sauran.

Ba sai na tsawaita kan tarihin rikici ba, kowane gida a yankin, Musulmi da Kirista, yana da kabarin da yake tunawa. Na Maris 1987 daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya tashi ya bazu zuwa Kaduna, Zariya da Funtuwa. Na Afrilu 2011, bayan zaɓe, ya cinye kasuwar Kafanchan da rayuka masu yawa a Zonkwa da kewaye. Amma wanda nake so mu tsaya a kai shi ne na Zangon Kataf a 1992, domin abin da ya kunna wutar a watan Fabrairu shi ne shawarar mayar da kasuwa wani sabon wuri. Shawara ce ta hukuma, wadda a takarda aikin ci gaba ce. Amma a ƙarƙashinta akwai tsohuwar tambaya: wa ke da ƙasa, wa ke da rumfa, wa ke karɓar haraji? Ba a warware wannan ba aka sa ranar tashi. Mu da muka ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan yadda rigimar shugabancin kasuwa ke zama ta ƙabila.

An yi ƙoƙari, a ba kowa haƙƙinsa. A Maris 2016 al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan, a 2017 kuma jihar ta kafa Hukumar Zaman Lafiya. Sai dai zaman lafiyar da ke kan takarda yana buƙatar abin da zai riƙe shi a ƙasa. A ganina babu abin da ke riƙe shi kamar ciniki. Mutumin da kuɗinka ke gonarsa, ba ka fatan gidansa ya ƙone.

Mai kula da wuta

Nan ne gizo ke saƙa. Kafanchan kanta hukuma ce ta haife ta. Layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya iso a 1927, a nan ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya Jos, daga baya aka ja shi har Maiduguri a 1964. Saboda jirgi ne aka dawo da fadar Sarkin Jama'a garin a 1933. Ibo, Yarabawa, Hausawa da mutanen ƙasar irin su Fantswam, Kaninkon da Kagoro suka cika gari. Ina yaro, kukan jirgi ne agogonmu, kuma a tarago mahaifina ke loda kaya.

Yau je ka ga tashar. Ciyawa ta rufe dogo, taragu sun yi tsatsa. Ƙarfen bai gaji ba, kulawa ce ta gaza: ba a sabunta injuna ba, ba a gyara layi ba, aka bar wa tireloli komai. A Maris 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, kuma ɓangaren Fatakwal zuwa Aba ya fara aiki a 2024. Kafin ya iso gida, kowane buhu sai ya biya kuɗin dizal, kuɗin shingaye da na lalacewar mota, kuma mai shayin Sabo ne ke biya a ƙarshe.

Haka masana'antar sarrafa citta da gwamnatin jiha ta gina a Kachia, wadda ta shafe shekaru a kwance. Sakamakon shi ne muna fitar da citta tsagagga a buhu, wasu a waje su niƙa, su tatsi mai, su ci ribar gaske. Haka kuma lokacin da aka rusa hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Suna da laifinsu, sun sha danne farashin manomi, amma da suka tafi, aikin tantance inganci da suke yi ya zama marar mai shi. Shi ya sa har yau ake shanya a kan dutse da gefen kwalta, alhali masu saye a Turai suna gwada kaya don neman fumfuna da ragowar maganin feshi.

Sai malaman gona. Dattijon nan na Kwoi ya ce min ya manta rabon da ya ga malamin gona ya taka gonarsa. Cibiyar binciken da aka ɗora wa alhakin citta tana Umudike, kusa da Umuahia, 'yan uwa na Aba da Owerri sun san wurin. Ilimin yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai ɗauko shi ya kai wa manomi da harshen da yake ji, da mai ɗaukar rahoton manomi ya kai sama tun ganye na farko ya canza launi. Bayan annobar, gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin yaƙi da cutar, ta kuma sanar da tallafin naira biliyan 1.6 ta asusun bunƙasa noma. Abin a yaba ne. Amma ku auna biliyan 1.6 da biliyan 12, za ku ga gaskiyar masu cewa rigakafi ya fi magani.

Abin da duk waɗannan suka haɗa shi ne, mun iya gini da yanka kintinkiri, ba mu iya riƙo ba. Kuɗin gini yana cikin kasafi, kuɗin gyara babu. Shugaban wuri yana zuwa da gwamnati ya tafi da ita. Ba a tambayar masu amfani da abin kafin a yi, ba a yi musu bayani bayan an yi.

Yanzu ga sabuwar dama. A 2025 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace-aikace a Kachia, aka kuma amince da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan. Dama can tsangayar noma ta Jami'ar Jihar Kaduna tana Kafanchan. Ma'aunina a kansu mai sauƙi ne: nan da shekara goma, manomin Kwoi zai iya zuwa ya sayi irin citta mai shaidar lafiya? Zai iya kai ƙasar gonarsa a gwada masa? In eh, an riƙe amana. In a'a, mun ƙara wata tashar jirgi ke nan.

Namu kason

Kada mu ɗora wa gwamnati komai mu wanke hannu. Mu 'yan kasuwa muna da laifi. Mun saba mu ba da bashi da damina mu karɓi kaya da kaka a farashin da muka ga dama. Riba tamu, asara ta manomi shi kaɗai. Ni kaina, da dattijon ya gama magana, abin da ya fara zuwa raina kuɗina ne, ba gonarsa ba. Sai da na kwana biyu kafin kunya ta kama ni. Na kira shi na ce, "Baba, mu raba asarar, rabi nawa rabi naka, naka ma sai ka samu." Ya yi shiru, ya ce, "Haka Alhaji zai yi." Baɗi ya shuka masara da kurkur a tsohon wurin, ya gwada citta kaɗan a sabuwar gona mai gangare.

Ga abin da nake ganin za mu iya, ba sai mun jira kowa ba.

Ƙungiyoyinmu na kasuwa su riƙa ware wani abu daga kuɗin da ake karɓa a kan kowane buhu, a ajiye a asusun da ke da masu sa hannu fiye da ɗaya, a karanta lissafi a bainar jama'a duk shekara. Da shi za a iya taimaka wa ƙungiyoyin manoma da iri mai lafiya, tamfol da dandamalin shanya.

Mu biya farashi daban ga kaya mai tsabta da ya bushe sarai. Muddin kuɗin mai kyau da marar kyau ɗaya ne, babu wanda zai wahalar da kansa.

Wanda ke ba da kuɗin noma ya daina matsa wa manomi sai citta kaɗai. Ka bar shi ya juya gona, ya shuka abin da zai ci. Manomin da ke da hatsi a rumbu ba ya sayar maka da irinsa, ba ya kuma sare ɗorawa.

Masu harkar gawayi su guji itatuwan da ake ci daga jikinsu, su sa hannu a dashe. In dajin ya ƙare, sana'ar ma ta ƙare.

Na ƙarshe, mu kiyaye harshe. In labarin tashin hankali ya fito daga gida, kafin ka tura shi a WhatsApp ka tabbatar. Mu da muke baƙi a garin wasu mun fi kowa sanin zafin a yi wa mutum kuɗin goro da laifin da bai yi ba. Mutanen Kudancin Kaduna abokan cinikinmu ne, maƙwabtan iyayenmu ne, wasu ma surukanmu.

Matar nan ta Bodija har yanzu tana zuwa. Kwanan baya ta ɗaga yatsan citta ta shinshina, ta ce, "Malam, yaya mutanenka na gona?" Na ce suna nan suna fama. Ta ce in gaishe su. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Kafanchan da kewayenta lafiya.